Kafin ka hau kujerar shugaban sashe a asibitin 'yan mazan jiya

Wannan rubutun naku ne ƙannena likitoci da kuka shigo Amurka ko kuke kan hanya, don da yawanku sai kun bi ta asibitin tsofaffin sojoji da ake ce wa VA ko kun so ko ba ku so, tun 1946 lokacin da Janar Omar Bradley ke riƙe da hukumar aka ƙulla asibitocin nan da makarantun koyon likitanci, shi ya sa har gobe masu neman ƙwarewa ke zagayawa ta can. Manyan asibitocinsu sun kai wajen 170, ƙananan kilinik sun haura 1,000, mutanen da ke da rajista kuma wajen miliyan 9. To in kana da ƙwazo kuma ba ka iya cewa a'a ba, wata rana za a kira ka ofis a ce ka riƙe sashen medisin, wato likitocin zuciya da na ƙoda da huhu da ciki da kansa da masu kula da waɗanda aka kwantar duk su dawo ƙarƙashinka. Ni na karɓa da murna, na kuma tafka shirme iri-iri.

Da halin oga na shiga. Kun dai san yadda muka taso a asibitin koyarwa a gida, konsoltan, wato ƙwararren babban likita, na gaba ana binsa a baya da fayil, in shugaban sashe ya yi magana ta zauna. A nan nas ba yaranka ba ne, suna da nasu shugabancin da ke tafiya har sama, shugabarsu tebur ɗaya take zama da babban likitan asibitin wanda shi ne oganka, ma'aikata da yawa kuma suna da ƙungiyar ƙwadago da yarjejeniya a rubuce wadda ban taɓa buɗewa ba. Na zauna ni kaɗai da daddare na rubuta imel cewa daga Litinin duk wanda za a sallama a sallame shi kafin 12 na rana don gadaje su samu. Likitoci suka bi tunda ni na ce. Ban tambayi nas ba, ban tambayi 'yan famasi da ke haɗa maganin tafiya gida ba, balle mai kula da walwalar majinyata wadda ita ta san wa ke da mai ɗaukarsa wa ba shi da kowa. Wata rana na sauko da la'asar na tarar da wani dattijo a kujerar guragu kusa da ƙofa, hular rundunarsa a ka, ledar magani a cinya, ƙaramar tukunyar oksijin a gefe, tun safe aka sallame shi amma motar 'yan sa kai da ke kai su garinsu sai yamma take tashi. A kwamfutata kuwa an rubuta ya fita a kan lokaci. Da na tsaya na sha shayi da shugabar nas ta wannan ɗakin kafin in taɓa imel da ta gaya min wannan a minti biyar.

Wanda ya fi ci min rai shi ne maganar alƙaluma, kuma ba ni da uzuri don na san labarin asibitin VA na birnin Phoenix sarai. A 2014 aka bankaɗo cewa ana ɓoye ainihin jerin masu jiran ganin likita a asibitin can, an sa wa ma'aikata burin kowane majinyaci ya ga likita cikin kwana 14 alhali babu isassun likitoci, sai aka koma gyaran takarda, har ta kai ministan ma'aikatar Eric Shinseki ya ajiye aiki a watan Mayu na shekarar. Bayan nan majalisa ta yi dokar Choice a 2014 sannan dokar MISSION a 2018, a ƙarƙashinta in tsohon soja zai jira likitan ƙwararru fiye da kwana 28 ko tafiyar mota ta wuce minti 60 yana iya zuwa asibitin waje gwamnati ta biya, na likitan yau da kullum kuma kwana 20 ko minti 30. Ka ga kenan kowane shugaban sashe idonsa na kan kwanakin nan.

Ni sai na ɗauki salon haska tebur a bango duk mitin ɗin wata, sunan kowane ɓangare da yawan takardun turo majinyaci da ba a rufe ba, wanda ya makara a yi masa ja, ina kiran suna ɗaya bayan ɗaya kowa na sunkuyar da kai. Ban taɓa cewa kowa ya yi ƙarya ba wallahi. Amma cikin 'yan watanni jan ya koma kore, ina ta karɓar yabo, har sai da wata nas da ta kusa ritaya ta rufe ƙofar ofishina ta ce likita ka buɗe waɗannan da idonka. Na buɗe. An kira mutum a waya bai ɗauka ba, an aika wasiƙa, an rufe, komai bisa ƙa'ida in ka duba sama-sama, amma wasu an kira su ne a lambar da kowa ya san ta mutu, wani kurma ne da ƙarar igwa ta cinye wa kunne kuma matarsa ce ke ɗaukar waya, lambarta na nan a fayil ba wanda ya gwada. Ɗaya daga cikinsu likitansa ya turo shi ne saboda jini a bayan gida. Mun same shi daga baya Allah ya taimake mu, amma ni na san ni na koya wa mutanena cewa kore nake so. Abin da nake yi tun daga nan, duk lambar da ta gyaru da sauri sai na ɗebi fayil kaɗan na karanta da kaina, kuma na daina kiran suna a gaban jama'a, ina zuwa in zauna kusa da akawun da ke ba da ranar ganin likita in tambaye shi me ke hana shi, amsar yawanci ɗaki ne babu ko wani likita ya soke kilinik ɗinsa a makare.

Sai maganar su waye majinyatan ma. Na daɗe ina kallonsu kamar kowane dattijo mai suga da hawan jini, ban sa yarana su riƙa tambayar ina ka yi aikin soja kuma wace shekara ba, alhali amsar nan tana canja komai. Wanda ya yi yaƙin Biyetnam ana ɗauka ya haɗu da gubar Agent Orange da aka fesa wa dazuka, kuma doka ta amince ciwon suga da toshewar jijiyoyin zuciya da ciwon Parkinson suna cikin abin da ake dangantawa da ita ba sai ya kawo hujja ba. Dokar PACT da Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ta ƙara hawan jini, ta kuma shigo da waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan. Wannan magana ce ta diyya duk wata da kuɗin magani, layi ɗaya da likita ya rubuta ko ya manta zai iya shafar abincin gidan mutum. Haka tambayar bindiga a gida da tunanin kashe kai, mu da muka zo daga gida bakinmu na nauyi a kanta, amma dole ne, kuma kowa a sashenka ya haddace lambar wayar agaji ta masu irin wannan tunani, a kira 988 sannan a danna 1 don tsofaffin sojoji. Kuma don Allah in ka ga mace a ɗakin jira kar ka tambaye ta ina mijin nata, na taɓa yi, ashe ita ce sajan ɗin.

Akwai kuma wani babban likita da ya girme ni nesa ba kusa ba, aikinsa ya fara lalacewa, sakamakon lab na kwana bai duba ba, nas na ta raɗa. Tarbiyyar gida ta hana ni, ina ganin sa'an babana ne, sai in gyara a bayansa in yi shiru. Ranar da abin ya kai maƙura aka tambaye ni me na rubuta, babu ko layi ɗaya, kuma aikin gwamnatin tarayya ba a taɓa mutum sai da takarda da matakai. Na cuci majinyata na kuma cuce shi, don da na yi masa magana da wuri cikin mutunci da an duba lafiyarsa an rage masa nauyi ya sauka da girmansa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka zauna da shi ku biyu, ka gaya masa, sannan ka rubuta kwanan wata.

In an yi maka tayin kujerar kar ka amsa a ranar. Tambayi kashi nawa na lokacinka aka ware wa ofis a rubuce, a nan ana raba lokacin likita kashi takwas ne tsakanin asibitin da jami'a kuma kowane ɓangare zai so ya cinye takwas ɗin duka. Tambayi guraben likitoci nawa ne babu kowa a kai, ka nemi ganin jami'in mulki na sashen don shi ya san inda kasafi yake da yadda ake ɗaukar ma'aikaci, in babu shi ma to ka sa ɗaukarsa cikin sharaɗinka. Kar ka saki kilinik ɗinka gaba ɗaya, ni na saki na shekara guda sai na ga maganata ta daina shiga kunnen masu kwana a kol, wato aikin dare. In kuma da hali kar ka fara a watan Yuli, ranar 1 ga wata sababbin likitoci ke shigowa ba su san ko inda banɗaki yake ba, ka roƙa a bar ka zuwa Satumba ko Oktoba.