Hawan dutsen Cermis, ranar Delphine Claudel

Daga Verona ta ƙasar Italiya na shiga jirgin ƙasa da sassafe ranar 8 ga Janairun 2023, muka nufi arewa muna bin gefen kogin Adige. A Ora na sauka, inda allunan tasha ke ɗauke da Italiyanci da Jamusanci, na hau bas. Hanyar sai kwana take yi tana hawa cikin dajin dogayen itatuwa, har kunnena ya toshe kafin mu kai Cavalese, babban garin kwarin Fiemme.

Abin da ya kai ni shi ne zagayen ƙarshe na gasar Tour de Ski, tseren da ake yi a kan dusar ƙanƙara da dogayen takalman zamiya da sanda biyu a hannu. Ana farawa daga filin Lago di Tesero, tafiyar kilomita 10, amma abin kallon yana ƙarshe: wajen kilomita uku da rabi na hawan dutsen Cermis. Wannan gangaren an gyara shi ne don masu sulalowa daga sama, su kuwa waɗannan bayin Allah hawansa suke yi. A wani wurin miƙewar hawan ta kai kashi 28 cikin ɗari.

Na shiga motar da ke rataye a waya ta kai ni sama, sannan na gangaro da ƙafa na samu wuri bakin shinge. Tsayuwa kawai a wurin aiki ce, sai mutum ya kafa dunduniya cikin ƙanƙara. Jama'a maƙil, wasu na kaɗa manyan ƙararrawar shanu, wasu na riƙe da kofin abin sha mai tururi. Kusa da ni akwai wani dattijo da tutar Faransa a wuya, ya ce daga tsaunukan Vosges ya taho. Na ce, “Baba, wa ka zo kallo?” Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan garinsu, ya ce Delphine mana.

Shi ya warware mini labarinta. An haife ta a Remiremont a 1996, ta taso a ƙungiyar wasan La Bresse, ta wakilci Faransa a Olamfik na 2018 da na 2022. A fili shimfiɗaɗɗe ’yan Norway da Suwidin kan fi ta ƙarfi, amma da zarar hanya ta miƙe sama, wasan ya zama nata. A nan Cermis ta zo ta uku a 2021, ta sake zuwa ta uku a 2022. Ya ce bana dai sai abin da Allah ya yi.

Da suka ɓullo daga kwanar ƙasa, babu sauran zamiya. Kowacce ta ware ƙafafu tana daddage sanduna, taki ɗaya bayan ɗaya. Sun wuce mu dab da dab, ina jin numfashinsu yana fita da ƙara, yawu ya daskare a haɓar wata ba ta ko da hannun gogewa. Claudel siririya ce, ba ta da wani girman jiki, amma takunta bai canja ba, kanta a sunkuye. Dattijon nan ya bi ta da gudu a gefen shinge yana ihun “Allez Delphine!” har hularsa ta faɗi. Ni da ban taɓa ɗora ƙafa a kan waɗannan takalma ba, sai ga ni ina ihu tare da shi.

Ita ta fara kaiwa. Heidi Weng ta Norway ta biyo ta, sai Sophia Laukli ta Amurka. Frida Karlsson ta Suwidin ce ta lashe gasar gaba ɗaya, amma tana tsallake layi ta zube, sai da ma'aikatan lafiya suka yi kanta. Ganin haka ya sa nasarar Claudel ta ƙara girma a idona, domin wannan dutse ba ya raga wa kowa, ita kuma shekara uku a jere tana cikin ukun farko.

Na sauko Cavalese yatsuna sun sandare, na ci polenta, wato tuwon masarar Italiya, mai zafi da cuku kafin bas ɗin yamma. Dattijon ya ce in neme shi a Les Rousses ƙarshen wata, za a yi gasar cin kofin duniya ta wannan wasa a gida Faransa. Aiki bai bar ni na je ba. A can Claudel ta zo ta biyu a tseren kilomita 10, bayan Ebba Andersson ta Suwidin.