Godiya ga Baba, wanda bai taɓa fashin kirana ba tun da na zo Ikko

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi. Ranar Alhamis ɗin nan na karɓi takardar kammala bautar ƙasa a nan Legas, na wanke kakina na ninke na sa a ƙasan akwati. Tun daga ranar saƙonnin barka suke ta shigowa, wasu na amsa, wasu har yanzu ban kai kansu ba, a yi mini afuwa. Na ga gara in zauna in yi godiyar gaba ɗaya, kuma in fara da wanda ya fi kowa haƙƙi a kaina bayan Allah da Manzonsa, wato mahaifina. Baba ba ya Facebook, wayarsa ma 'yar ƙarama ce mai madannai, amma ƙanena ya yi mini alkawarin zai karanta masa wannan bayan isha'i, ba zai tsallake ko layi ɗaya ba.

Ranar da takardar kira ta fito da daminar 2023 na ga an rubuta Legas, kuka na yi sosai. Ban taɓa wuce Kaduna ba a rayuwata. Ga shi lokacin ba a daɗe da cire tallafin mai ba, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota ya ninka, alawus ɗinmu kuwa yana nan a 33,000. Duk wanda ya shigo gidanmu maganarsa ɗaya ce, a nemi hanya a canza mini jiha. Baba bai ce uffan ba sai da dare ya yi, ya kira ni tsakar gida, ya nuna mini gefen tabarmarsa. Ya ce, "Uwata, Ikko gari ne, mutane ne a cikinsa kamar ko'ina. A can na samo abin da na gina ɗakin da aka haife ki." Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba.

Baba ɗan goro ne. Tun Legas tana babban birnin ƙasa, kafin a koma Abuja a 1991, yake fatauci tsakanin Kano da Kurmi. A saman babbar mota suke tafiya, ta Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, su tsallake gadar Jebba, su bi Ilori da Badun, su sari goro a Shagamu da Agege su juyo. Ya ce a idonsa aka ƙarasa gadar nan ta uku mai bi ta kan ruwa, wadda aka buɗe a 1990. Yanzu ƙarfi ya ja baya, yana zaune a rumfarsa a kasuwar Mariri. Mai masaukinsa na Agege ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma uwargidansa Hajiya tana nan, kuma waya ɗaya Baba ya yi mata ta ce a turo ni, ɗakin 'yarta da ta yi aure babu kowa a ciki.

Tun ranar da na shiga sansanin Iyana Ipaja har safiyar yau, kullum sai ya kira. A makonni ukun sansani begila ce ke tashinmu tun da duhu mu fita fareti, sai ya mayar da kiran dare. Da na fito na fara koyarwa a wata sakandare a wajen Yaba, sai kiran ya koma bayan asuba. Kano na riga Legas ganin alfijir, don haka sau da yawa ina cikin alwala wayar za ta yi ƙara. Yana kan dakalin ƙofar gida, ina jiyo carar zakara da muryar yarinya mai tallan koko, wani lokacin har da rediyon maƙwabcinmu. Tambayoyinsa ba sa canzawa. "Uwata, an tashi lafiya? An yi salla? Da me za a karya? Ya ruwa?" Sai ya ƙara magana ɗaya ta ranar, ya ce Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kashe. Da wuya kiran ya wuce minti biyu.

A cikin waɗannan mintoci biyun na koyi zaman Ikko. Ya ce kada in kuskura in shiga motar da ta tsaya mini a bakin titi, komai saurin da nake yi, in taka in je tasha inda ake lodi. Daga baya na ji labaran motocin da 'yan gari ke kira wan cans, masu ɗaukar mutum su ƙwace masa komai su watsar da shi a hanya, na ƙara riƙe maganar. Ya ce in raba kuɗina gida biyu, na mota a hannu, sauran a inda hannu ba ya kaiwa, kuma in tanadi canji kafin in hau danfo don kada in tsaya cacar baki da kwandasta. Abin da ya fi nanatawa shi ne gaisuwa. Ya ce Bayarabe yana son girmamawa kamar yadda Bahaushe yake so, ko ma fiye, in na ga babba in rusuna in ce "E kaaro ma", in an yi mini abu in ce "E se". Da bakinsa ya koya mini, yana maimaitawa ina bi. Wallahi waɗannan kalmomi sun buɗe mini ƙofofi a makarantar da na yi aiki da kuma layinmu fiye da takardar digirina.

Wasu abubuwan da ya sani sun shuɗe. Yakan tambaye ni ko har yanzu ana cusa mutane a tsofaffin manyan motocin hayar nan da ake kira molue, sai in ba shi labarin motocin BRT da ake shiga da kati, da gadar sama da aka yi a Pen Cinema. Ya yi ta jinjina kai a murya yana cewa, "Ikon Allah, a Agegen?" Ina jin daɗin ranakun nan, don su ne kawai nake ba shi wani abu shi ma.

A watan Oktoba na sha wuya. Wata Litinin da yamma muna cikin gosulo a Oshodi, na fito da waya in duba lokaci, hannu kawai na gani ya shigo ta taga, ya fizge ya ɓace cikin mutane. Na manta gargaɗin da ya yi mini a kan zama kusa da taga da waya a hannu. A makon nan kuma zazzaɓi ya kwantar da ni, aka auna aka ce maleriya ce da taifot, aka ba ni gado a wani ƙaramin asibiti, kwana huɗu ana yi mini ƙarin ruwa. Na roƙi Hajiya kada ta faɗa a gida. Ashe tun satin farko Baba ya karɓi lambar mutum huɗu da ke kewaye da ni, ya sa an rubuta masa a bayan littafin bashinsa na kasuwa. Da ya kira layina bai shiga ba, bayan asuba sai ga kiransa a wayar Hajiya. Ta miƙo mini. Na gyara murya na ce lafiya lau. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Uwata, wannan muryar ba ta lafiya lau ba ce. Ina kike kwance?"

A nan na fashe da kuka. Na ce masa na gaji, ba zan iya ba, a nema mini canji zuwa Kano tunda rashin lafiya na cikin dalilan da hukumar bautar ƙasa ke karɓa. Na zaci zai ce in daure, ko ya tuna mini cewa shi ya ce in zo. Bai yi ko ɗaya ba. Ya bar ni na yi kukana har na gama, ina jin numfashinsa. Sannan ya ce, "In kin ce ki dawo, ki dawo, gidanku ne, babu mai yi miki gori ina raye. Abu ɗaya nake roƙo. Ba a yanke shawara a kan gadon asibiti. Ki ba ni zuwa Juma'a, ki warke, ki ci abinci, ki yi istihara." Da Juma'ar ta zo ya tambaye ni, na ce a ƙara mako guda. Haka muka yi ta yi, Juma'a zuwa Juma'a, har muka daina ƙirgawa, ban ma san ranar da maganar ta mutu ba.

Bayan na warke na ce masa, Baba katin nan da kake ƙonawa kullum, me zai hana ka riƙa kira sau ɗaya a mako mu daɗe muna hira? Ya ce, "Kin taɓa ganin an ɗaure huhun goro an manta da shi? Buɗewa ake yi a kai a kai, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a tsince wanda sankara ta taɓa tun bai ɓata 'yan uwansa ba. Wanda ya ce sai ranar kasuwa zai duba, asara zai kwasa." Ban sake yi masa maganar kati ba. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin iyaye da yawa masu 'ya'ya a nesa suna jira sai abu ya faru sannan su yi doguwar nasiha, alhali yaron tun tuni ya saba haɗiye damuwarsa shi kaɗai. Ni ban samu damar ɓoye komai ba, don wanda yake jin muryarki kowace safiya zai gane ranar da ta canza.

Daga Janairu zuwa Afrilun 2024 an yi gyaran gadar nan ta uku, motoci suka dawo titin Ikorodu, tafiyar da nake yi ta ƙara tsawo, ga zafi, ga azumi ya shigo a watan Maris. Shi ne azumina na farko ba a gida ba. Mutanen Kano suna riga mu shan ruwa da kusan minti ashirin. Baba sai ya sha ruwansa da dabino, ya yi magariba, yana fitowa daga masallaci ya kira ni. Sau da yawa ina cikin mota ko ina sauri daga tasha, leɓena a bushe. Ya ce, "Mu mun sha, saura ke. Akwai ruwa a jakarki?" Sai ya tsaya a kan layi, ba wata hira, har sai ya jiyo ladanin Agege ta cikin wayar, ya ce bisimilla Uwata, ya ji na haɗiye, sannan ya je ya ci nasa abincin. Kwana talatin haka. Da aka ce kwalara ta ɓulla a Legas a watan Yuni, a rediyo ya ji kafin ni, da asuba ya ce daga yau ruwan da ba a tafasa ba kada ya shiga bakina, zoɓo da kunun aya na kan titi kuma in haƙura da su.

Akwai abin da ban sani ba sai makon jiya da Umma ta faɗa mini. Ashe duk shekarar nan Baba yana shan magana a majalisa da cikin dangi, ana cewa ya saki 'ya mace ta tafi Ikko ba aure. Ashe kuma lokacin da nake asibiti shi ma ƙafarsa ta kumbura, sati biyu bai je Mariri ba, daga kan gado yake kirana yana ce mini yana dakali. Wayar da aka aiko mini da ita bayan an sace tawa, na zaci Yaya ne ya saya, ashe daga cikin jarinsa ya cira. Ko sau ɗaya bai bari na ji alamar wani abu a muryarsa ba.

Baba, na gode. Na gode da yardar da ka yi mini a lokacin da ni kaina ban yarda da kaina ba. Ban zubar maka da mutunci a garin nan ba, Hajiya shaida ce. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ni ikon yi maka hidima da abin da zan samu, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya haɗa ka da mahaifiyarka da ka sa mini sunanta a Aljanna.

Umma, na san duk kiran nan kina gefe kina saurare, kuma yajin daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da kike aiko mini ta hannun direbobin kasuwar Mile 12 su suka riƙe ni. Allah ya saka da alheri. Hajiya ta Agege, kin riƙe ni kamar ke kika haife ni, kin kwana a kan tabarma a asibiti da shekarunki, ba ni da bakin gode miki. Maƙwabciyarmu Iya, wadda ta riƙa dama mini koko kowace safiya har na samu ƙarfi kuma ta ƙi karɓar ko kwabo, E se ma. Ƙawata 'yar Inugu da muka haɗu a sansani, wadda ta riƙe mini azuzuwana sati biyu, da ma'aikaciyar jinyar da ta yi ta lallaɓa hannuna tana neman jijiya cikin dare, da ɗalibaina da suka haɗa kuɗi suka saya mini lemo da ayaba, duk ina gode muku. Yaya da ƙannena, sai na zo.

Wanda na ɓata wa a zaman nan, da sani ko ba da sani ba, ya yafe mini don Allah.

Jibi in Allah ya yarda zan kama hanya. Na tambayi Baba tsarabar da yake so, ya ce burodin Agege guda biyu, ya daɗe bai ci ba. Ya kuma ce ko ta Jebba muka bi ko ta Lakwaja, da mun tsallake kogin Kwara in kira shi, ko ƙarfe nawa ne.