Laraba a Aboabo: cokali da ƙwaya

Tun kafin kiran assalatu kukan ɗan Yaya ya tashe ni. Yau kwana biyu da gwada jininsa aka ce maleriya ce. Yaya ta murƙushe ƙwayar a cokali ta ɗiga ruwa, ni kuma na riƙe masa hannuwa. Ya datse haƙora. Da ƙyar ya shiga, sai ya feso mana shi, rawaya sharkaf a mayafina.

Na ce, "Yaya, ai akwai mai narkewa a ruwa, mai ɗan zaƙi, na yara." Ta ce mai kemis ya ce ya ƙare. Na sa ta zuba madara a kokonsa, don ɗaya daga cikin sinadarai biyun da ke ƙwayar, lumefantirin, ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo a ciki.

Na bi trotro, ƙaramar bas ta haya, zuwa Tech, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, na makara. Malam yana bayanin AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, wadda ta ba masu ita rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024. 'Yan aji sai zumuɗi suke. Ni dai hankalina na kan cokalin safe. Sai da ya zo kan yadda ake isar da magani cikin jiki na gyara zama. A watan Yuli na 2025 hukumar magunguna ta Suwizalan ta amince da Coartem Baby, maganin maleriya na jariran da ba su kai kilo 5 ba; yana narkewa ko a ruwan nono. Ga lenakapabir, allurar kariya daga ƙanjamau, sau biyu kacal a shekara. A Gambiya kuma an gwada rigakafin ƙyanda a jikin wata 'yar filasta mai ƙananan tsinaye, a manna a fata a ɓare, ba sirinji. Wanda ya taɓa kokawa da yaro mai zazzaɓi shi zai san girman wannan aiki.

Da na dawo na tarar Hajiya Kaka ta ɗora tazargade a murhu. Na ce, "Hajiya, kin san daga dangin wannan ganyen aka ciro ɗaya sinadarin na ƙwayar jikanki?" Na ba ta labarin Tu Youyou, 'yar Sin da ta samu Nobel a 2015, wadda ta gano tafasawa na lalata maganin, ta koma tatsarsa ba zafi sosai. Hajiya ta harare ni, ta ce boko ya sa zan koya mata dahuwa. Mun dai daidaita: ita turare, ni ƙwaya.

Kafin magariba na sauka Adum, a tsakiyar gari, a kanti na uku na samu mai narkewar. Ya shanye, har yana lasar kofi. Saura ya sha sau biyu gobe.