Abin da Hotunan Sama Suka Koya Mini Game da Nijar

Aikina shi ne karanta hotunan da ake ɗauka daga sama, na tauraron ɗan adam da na ƙaramin jirgi maras matuƙi, in fitar da taswira daga cikinsu. Yawancin waɗanda suka ratsa hannuna na ƙasar Nijar ne, tun daga gonakin Maraɗi da Damagaram har duwatsun Abzin da rairayin Tenere. Babban darasin da na samu shi ne hoto yana nuna maka yadda wuri yake, amma dalilin da ya sa ya zama haka yana bakin mutanen wurin, sai ka sauko ka tambaye su.

Gawo ne ya fara koya mini wannan. In ka buɗe hoton rani na yankin Matamai, Magarya da Mirya, za ka ga ƙasa fara fat, amma cike da ɗige-ɗige masu duhu, har sun kusa haɗewa a wasu gonaki. Gawo ke nan, itacen da ke kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma yi ganye da rani lokacin da komai ya bushe. Masana irin su Gray Tappan na Amurka sun gwama hotunan jirgi na 1975 da na farkon shekarun 2000, suka tarar itatuwa sun ƙaru ƙwarai bayan farin da ya addabi ƙasar, alhali jama'a ma sun ƙaru. Ƙiyasin da aka yi na filin da ya farfaɗo a faɗin kudancin Nijar ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Hoton ya ƙirga itatuwan, amma bai faɗi wanda ya raya su ba. Sai da na shiga gona wani dattijo ya durƙusa ya nuna mini wani tsohon kututture da ya yi toho, ya ce da sassabe ya kan zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski har su miƙe. Babu wanda ya kawo masa dashe, babu ban ruwa. Har yau in na ga ɗigon nan a kan kwamfuta, manomin da ya ɗaga gatari ya fasa sara nake tunawa, kuma a ganina ba a ba manoman nan yabon da ya kamace su ba.

Akwai kuma wuraren da kyansu kan sa mutum ya manta da wahalar da ke ƙarƙashi. Tegidda-n-Tesum da ke arewa da Ingal, daga sama kamar an jera ƙananan ƙoruka ɗaruruwa, wannan ja, wancan rawaya, wani fari tas. Ramukan gishiri ne. Ana kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan zartsi, a tsiyaye a zuba cikin ƙananan ramuka, rana ta shanye ruwan, a kankare abin da ya saura. Launin kowane rami na nuna inda aikin ya kai, kuma gishirin yawanci na dabbobi ne. Haka ayarin raƙuman da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma da kaka: masu hoto inuwar raƙuma a kan yashi suke nema da sassafe ko da la'asar, su kuwa Buzaye gero suka ɗauko za su musanya da kantu da dabino, gishirin da tun kaka da kakanni yake gangarowa har kasuwannin Kano.

A Agadas kuwa abin da na koya ya fi nauyi. Kowa hasumiyar babban masallaci yake son ɗauka, mai tsawon mita 27, ginin ƙasa zalla, da itatuwan da suka leƙo daga jikinta inda magina ke takawa in za a yi yaɓe. Amma daga sama ne kake ganin abin da ya fi ta ban mamaki, wato lungunan tsohon gari. Unguwanni 11 ne, babu wadda ta miƙe, domin sun bi iyakokin zangon da ƙabilun Abzinawa suka yada tun zamanin da aka kafa sarautar Abzin a ƙarni na 15. Wannan tsari na cikin abin da ya sa UNESCO ta saka garin a jerin kayan tarihi na duniya a 2013.

Sai dai jirgin da ya ga lungu ya ga tsakar gida. Mu da muka tashi a gidan zaure mun san baƙo ba ya wuce nan sai an yi masa iso, to shi jirgi ba ya sallama. Yana ganin mace tana daka ba mayafi, yana ganin shanya da makewayi. Takardar izinin hukuma dole ce, kuma a yanayin tsaro na yanzu ba abin wasa ba ce, amma ba ta wadatar ba. Kafin mu tashi jirgi a kan kowane gari sai mun je gaban mai unguwa. Nakan ce, “Ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo mu, ga iyakar inda za mu ɗauka, wane lokaci kuka yarje mana?” Shi zai aika a sanar da gidaje. In ya ce bayan azahar, sai bayan azahar, ko da hasken safe ya fi kyau a hoto. In ya ce a kauce wa maƙabarta ko wani gida, mun kauce. Duk hoton da tsakar gida ta fito a ciki ba ya shiga taswira, a gaban mutanen muke share shi, sauran kuma mu buga a takarda mu kawo wa mai unguwa nasa.