Loving, gundumar da ƙidaya ta samu mutum 64

Ɗan yayata ne ya ja ni. Ya daɗe yana tuƙa tirela a yammacin Texas, yana kai yashi rijiyoyin mai, kuma duk sanda muka yi waya sai ya ce, "Kawu, akwai wata ƙaramar hukuma a nan, in ka tara mutanenta kaf ba za su cika sahu biyu a masallacin unguwarmu ba." Na san shi da zolaya, don haka ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Da Allah ya kai ni Amurka ziyara, na ce masa to, gani ya kori ji.

Bayan asuba muka bar Odessa a ƙaramar motarsa, muka kama hanya mai lamba 302 wadda ta miƙe yamma. Tun kafin rana ta ɗaga hanyar ta cika. Tankoki, tireloli, da fararen a-kori-kura na kamfanonin mai, kowa na bin bayan wani, ba mai ɗaga ƙafa. Wajen garin Kermit ya nuna mini tuddan rairayi da manyan rumbunan ƙarfe a tsaye, ya ce nan yake lodi. Daga Kermit ɗin kuma sai gari ya ƙare. Ba ƙauye, ba gona, ba mai talla a bakin titi, ba yaro ko ɗaya. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya fara-fara, da gajerun itatuwan ƙaya da suke kira meskit, waɗanda dangin ƙiryarmu ne amma ba su yi rabin tsayinta ba. Wani ɗan koren allo ne kawai ya shaida mana mun shiga gundumar Loving.

Jihar Texas tana da gundumomi 254. Mafi yawan jama'a ita ce Harris, inda birnin Houston yake, mutum miliyan 4.7 a ƙidayar 2020. Ita kuwa Loving a wannan ƙidayar mutum 64 aka samu, kuma duk Amurka ba gundumar da ta kai ta ƙarancin mutane. Ba wai ƙasar ce ƙarama ba. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,750, kusan rabin jihar Legas ke nan. In ka raba, kowane mutum ɗaya zai tashi da wajen murabba'in kilomita 27. Arewa ta yi iyaka da jihar New Mexico, gabas da gundumar Winkler, kudu da Ward, yamma kuma kogin Pecos ne ya raba ta da Reeves. Gefen hamadar Chihuahua ne, wadda ta taso tun daga Meziko.

Ba ƙidayar da ta taɓa samun mutum 300 a cikinta. A 1940 an ƙirga 285. Zuwa 1970 sun koma 164, a 1980 suka zama 91, a 2000 kuma 67. Sun ɗan ɗago zuwa 82 a 2010 kafin su sake zubewa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ina riƙe da wannan lissafi a kaina, idona kuma yana ganin akasinsa. Motocin da suka wuce mu cikin kwata ɗin awa sun fi mutum 64 yawa. Na ce masa, "Kai, waɗannan duk aljanu ne ke tuƙa su?" Ya yi dariya ya ce, "Kawu, mu ne aljanun. Ni ma nan nake wuni, wani lokacin nan nake kwana a cikin mota, amma ranar ƙidaya a Houston aka rubuta ni, don can iyalina suke." Dubban ma'aikata ne ke shigowa kowace safiya daga Odessa da Pecos da Kermit da Carlsbad, wasu kuma suna kwana a sansanonin da kamfanoni suka jera musu ɗakuna masu kama da kwantena. Su yi makonsu biyu su tafi gida, wasu su karɓe su. Ƙidaya tana tambayar inda ka saba zama ne, ba inda kake neman abinci ba.

Mentone ce hedikwata, kuma ita kaɗai ce gari. In ka yi gyangyaɗi za ka wuce ta. Mutum 22 ƙidayar 2020 ta ba ta. Sunan an aro shi ne daga Menton, wani gari a bakin teku a kudancin Faransa, kuma ban ga abin da ya haɗa su ba ko da inuwa. Muka faka gaban ginin hukumar gunduma, wani bene mai hawa biyu na bulo da aka gina a 1935, tsaf-tsaf, da tutar Amurka da ta Texas a gabansa. Can gefe akwai wani ɗan farin gini na katako, wanda ya yi makaranta ya yi coci, an ɗauko shi ne ɗungurungum daga Porterville, wani ƙauye na bakin kogi da ya mutu tuni. Akwai gidan waya, akwai gidan mai inda direbobi ke layin sayen kofi da gurasar Meziko da aka naɗe da wake da ƙwai. Ba banki, ba asibiti. Makaranta an rufe ta a farkon shekarun 1970 da ɗalibai suka ragu zuwa biyu, tun daga nan yaran da suka rage motar makaranta ke kwashe su zuwa garin Wink a gundumar maƙwabta. Ko maƙabarta babu. Wanda ya rasu a Loving, sai an fita da shi waje a binne.

Na tsaya na karanta allunan tarihin da aka kakkafa a harabar. Sunan gundumar na wani makiyayi ne kuma falken shanu, Oliver Loving. A 1866 shi da abokinsa Charles Goodnight suka koro shanu wajen 2,000 daga tsakiyar Texas, suka bi gaɓar Pecos zuwa Fort Sumner a New Mexico, inda sojan Amurka ke tsare da dubban 'yan ƙabilar Navajo kuma ake neman naman ciyar da su. Wannan burtali har yau da sunan su biyun ake kiransa. A shekara ta gaba mayaƙan ƙabilar Comanche, waɗanda ƙasar kakanninsu ce ake ratsawa, suka yi masa kwanton ɓauna a bakin kogin. Ya tsira da rauni, raunin ya ruɓe, ya rasu a Fort Sumner a watan Satumba na 1867. Goodnight ya cika masa wasiyya, ya mayar da gawarsa Texas aka binne a Weatherford. Shekara 20 bayan haka, a 1887, aka yanki wannan ƙasa aka sa mata sunansa.

Labarin da ya fi ba ni dariya shi ne na kafa hukumar. Ƙidayar 1890 mutum uku ta samu a duk gundumar. Uku. Sai ga shi a 1893 wasu 'yan kasuwa daga birnin Denver na jihar Colorado sun kafa kamfanin noman rani, sun ce za su ja ruwan Pecos su raya ƙasar, suka kuma miƙa takardar neman a kafa hukuma ɗauke da sa hannun mutum 150 da aka ce duk masu zaɓe ne. Aka kafa, suka raba muƙamai a tsakaninsu, suka ci bashi da sunan gunduma, sannan suka sulale. A 1897 majalisar jiha ta rushe hukumar ta liƙa yankin da Reeves. Na dubi ɗan yayata na ce ashe kumbura adadi ba a kanmu aka fara ba. Sai da aka samu mai a shekarun 1920 mutane suka sake taruwa, aka sake kafa hukumar a 1931.

Wani abin da ban zata ba: a nan aka fara zaɓen mace a matsayin sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, a duk jihar Texas. Edna Reed ce, ta riƙe muƙamin daga 1945 zuwa 1947.

Tsarin mulkin kuwa bai san gunduma ƙarama ba ce. Doka ta ce kowace gunduma a Texas sai ta yi shugaba, wanda suke kira alƙalin gunduma, da kwamishinoni huɗu kowanne da mazaɓarsa, ga sherif, ga magatakarda, ga ma'aji, duk da ƙuri'a. Raba mutum sittin da 'yan kai gida huɗu ka ga yawan ƙuri'ar da ke ɗora mutum a kujera. Gida ɗaya in suka yi fushi sun isa su kayar da kwamishina. Kuma kujerar ba ta banza ba ce, domin harajin kadara da kamfanonin mai ke biya kuɗi ne masu nauyi, a hannun waɗannan 'yan tsirarun yake. Shi ya sa rigimar wane ne ɗan gari na gaskiya ba ta ƙarewa a can. A zaɓen shugaban ƙasa na 2020 ƙuri'a 66 aka kaɗa a gundumar, 60 na Trump, 4 na Biden, biyu na wasu. Ƙuri'a 66, mazauna 64, har da yara a cikin 64 ɗin. Ba lallai a kira shi maguɗi ba, domin akwai waɗanda suka koma wasu garuruwa da zama amma suna riƙe da tsohon gida ko filin gado a Loving, suna cewa nan ne gida, nan kuma suke zaɓe. Duk wanda ke kama hanyar ƙauye daga Kano ko Kaduna ranar jajibirin zaɓe ya san wannan hujja.

To me ya hana mutane zama, alhali dukiya na ƙarƙashin ƙafarsu? Ruwa. Abin da ke sauka a shekara bai kai milimita 300 ba, ko Damagaram ta fi su samun damina. Na ƙarƙashin ƙasa kuma galibi zartsi ne, ba ya shawuwa. Shekaru masu yawa da tanka ake kawo wa Mentone ruwan sha daga waje. Kiwo ma sai mai ƙaton fili, domin saniya ɗaya tana buƙatar hekta da yawa kafin ta ƙoshi. Shanun da na gani ba su fi a ƙirga da yatsu ba, baƙaƙe, ba tozo, ba makiyayi a bayansu. Waya ce ke kiwonsu. A bakin kowace hanyar da ta ratsa shinge an haƙa rami an jera bututun ƙarfe a kai, da tazara tsakaninsu. Mota ta bi ta kai da ƙara, saniya kuwa in ta zo sai ta tsaya ta leƙa ta juya, don ta san kofatonta zai faɗa. Na sauka na duba abin da kyau. Ba ƙofa, ba mai gadi, ba faɗa da manomi, ko da yake manomin ma babu shi.

Man kuwa a cikin dutse yake, ba ya fitowa da daɗi. Ɗan yayata ya yi mini bayani muna tsaye nesa da wata rijiya, domin alluna sun yi gargaɗin iskar guba kuma ba a barin baƙo ya matsa. Sai a haƙa ƙasa wajen kilomita uku, sannan a karkata bututun ya tafi a kwance wasu kilomitocin. A tura ruwa da ƙarfin tsiya har dutsen ya tsattsage, yashin da su suke kawowa ya shige cikin tsagar ya hana ta rufewa, mai ya samu hanyar tsiyaya. Da wannan dabara yankin man da ake kira Permian, wanda Loving ke tsakiyar ɓangarensa mafi albarka, yake fitar da fiye da ganga miliyan shida a rana, ya ninka abin da Nijeriya gaba ɗaya ke fitarwa wajen sau huɗu. Sai dai kowace gangar mai tana fitowa da gangunan ruwan gishiri masu datti, uku ko huɗu ko fiye. Ƙasar da ba ta da ruwan sha, ga ta tana fama da ruwan da ba a san inda za a kai shi ba. Mayar da shi ake yi cikin ƙasa ta wasu rijiyoyin, kuma masana sun danganta hakan da girgizar ƙasar da ta yawaita a yankin. A watan Nuwamba na 2022 an yi mai ƙarfin maki 5.4 kusa da Mentone, har can nesa a birnin San Antonio aka ji ta.

Azahar ta same mu a gefen wata hanyar tsakuwa. Da ruwan gorar da muka taho da shi muka yi alwala, da tattali. Iska na kaɗawa da ƙura da warin ƙwai ruɓaɓɓe, can gaba wutar iskar gas na ci a kan dogon bututu da rana tsaka. Wani direban tanka ya rage gudu don kada ya tayar mana da ƙura, ya ɗaga mana yatsa biyu daga kan sitiyari, ya wuce. Haka suke gaisuwa a can.

Daga Mentone zuwa kogin Pecos ba nisa. Na sa rai zan ga ruwa, domin kogi ne mai tsawon kusan kilomita 1,500, daga duwatsun arewacin New Mexico har ya faɗa Rio Grande. Abin da na tarar ƙarƙashin gada ɗan siririn ruwa ne mai launin ƙasa, bakinsa fari da gishiri. Madatsun da ke sama sun riga sun sha rabonsu, na ƙarshensu Red Bluff, wanda aka gina a 1936 dab da iyakar jihohin biyu. Na tsoma yatsa na ɗanɗana, na tofar.

Da muka haye gadar mun bar Loving. Muka faɗa hanya mai lamba 285 zuwa garin Pecos, wadda direbobi ke kira hanyar mutuwa saboda yawan haɗarin manyan motoci. Nan ɗan yayata ya daina hira, ya kama sitiyari da hannu biyu. Sai da muka shiga gari ya saki numfashi, ya ce mu nemi abinci da wuri, don lodinsa na gaba ƙarfe uku na dare ne.