Inda Gwajin Antibodi na Tsutsa Ke Tuntuɓe, da Yadda Ake Gyara Shi

Gwajin antibodi, wato furotin da garkuwar jiki ke ƙerawa don yaƙar cuta, ba tsutsar yake gani ba, sawunta yake bi a cikin jini. Shi ya sa yake kama abin da madubin likita ya rasa. Hanyar Kato-Katz ta neman ƙwan tsutsa tana duba miligiram 41.7 ne kawai na bayan gida, kuma tsutsar hanji Strongyloides kan fitar da 'ya'yanta jefi-jefi, yau akwai gobe babu. Amma sawu yana da matsala biyu: yana daɗewa bayan mai shi ya wuce, kuma sawun wata tsutsa kan yi kama da na wata.

A fara da antijen, wato sinadarin tsutsa da antibodi ke kamawa, wanda ake shafa wa faranti mai ramuka a gwajin jini na ELISA. Tsofaffin gwaje-gwaje da markaɗaɗɗen jikin tsutsa ake yin su. Yana kamawa sosai, sai dai cike yake da sukarin da ke manne da furotin da kuma sinadarin fosforilkolin, waɗanda tsutsotsi da yawa suka yi tarayya a kansu. Shi ya sa mai tundurmi kan fito da sakamakon Strongyloides alhali ba shi da ita. Ana rage wannan ta hanyar jiƙa farantin da sodiyam metaperiyodet don lalata sukarin, amma gyaran da ya fi ƙarko shi ne komawa ga furotin guda da aka haɗa a ɗakin gwaji: NIE ga Strongyloides, Ov16 ga makantar kogi, Wb123 ga tundurmi, rT24H ga tsutsar tsila da ke zama a ƙwaƙwalwa. Su ma da nasu tarkon. Galibi a cikin ƙwayar bakteriya E. coli ake samar da su, da jelar wani furotin mai suna GST a jikinsu, kuma mutane da yawa na ɗauke da antibodin E. coli. In ba a gauraya ruwan jinin da markaɗaɗɗen E. coli kafin gwaji ba, ko ba a ware rami mai GST zalla don kwatance ba, launin da aka gani na iya zama ba na tsutsa ba ne sam.

Sai nau'in antibodin. IgG4 ba ya damuwa sosai da fosforilkolin, don haka ya fi IgG gaba ɗaya tantancewa. Kuɗin da ake biya shi ne jinkiri: yana ɗaukar lokaci kafin ya taso, sabon kamu na iya kuɓucewa.

A kan benci, abubuwan da ke ɓata ELISA ƙanana ne. Ana shafa antijen cikin ruwan kabonet mai pH 9.6, ya kwana a digiri 4 na Celsius, a toshe da madara marar kitse ko furotin BSA, a wanke da ruwan gishirin PBS mai sabulun Tween 20 kashi 0.05 cikin ɗari, a zuba TMB mai fitar da launi, a tsayar da asid, a karanta a nanomita 450. Ramukan gefen faranti sun fi saurin ɗumama da bushewa, sai lambobinsu su karkace. A rufe farantin, kuma kada a jera samfuran kwatance duka a gefe. Jinin da aka ɗiga a takardar tacewa kuwa, in aka sa shi a leda bai gama bushewa ba, ko babu ƙunshin tsotse danshi, fumfuna da laima za su cinye antibodin kafin ya iso ɗakin gwaji.

Inda na fi ganin ana sakaci shi ne layin yanke hukunci, wato lambar da ke raba "akwai" da "babu". Al'adar ita ce a ɗauki matsakaicin jinin masu lafiya a ƙara ma'aunin karkata (standard deviation) sau uku. To jinin su wa? In daga ƙasar da babu tsutsa aka samo shi, layin zai sauka ƙasa da yawa, gwajin ya yi kyau a takarda ya kunyata a fage. Jinin kwatance ya kamata ya fito daga yankunan da ake da wasu tsutsotsi amma babu wadda ake nema, har da masu Loa loa, Mansonella da tsargiya.

Lissafi zai nuna nauyin wannan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 game da dakatar da rabon maganin ivermectin kan makantar kogi tana son a gwada yara ƙasa da shekara 10, kimanin 3,000, iyakar sama ta ƙiyasin ta tsaya ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari. Gwajin da ke kuskure sau ɗaya cikin ɗari zai nuna yara 30 suna da cutar ko da babu ko ɗaya, a ci gaba da rabon magani shekaru babu dalili. Yara ake zaɓa ne don jininsu bai ga tsohon yaɗuwa ba.

Batun warkewa ya bambanta daga tsutsa zuwa tsutsa. A tsargiya antibodi kan zauna shekaru bayan shan maganin praziquantel, don haka gwajin antijen irin CAA, wanda tsutsa mai rai ke fitarwa, ya fi dacewa da wannan tambaya. A Strongyloides kuwa yana sauka cikin wata 6 zuwa 12 bayan ivermectin. A ajiye jinin farko a daskare, a gwada shi da na biyu a faranti ɗaya, rana ɗaya. Ga mai raunin garkuwa, musamman wanda za a ɗora kan maganin steroid, sakamakon "babu" ba ya wanke shi. A haɗa da neman tsutsar kanta a bayan gida ta hanyar Baermann ko shukar agar.