Roja wanne a ciki? Yadda zuri'ar Otbil ta kusa juya min kai

Ni fa ba Turawan Normandi na fita nema ba, Al-Idrisi, masanin nan Musulmi mai zana taswirar duniya, shi ne ya ja ni. Ina karanta labarin taswirar nan tasa da ya gama a 1154 a birnin Falermo, sai na ga wai har ana ce wa littafin Kitabu Rujar, da sunan sarkin Sisili da ya sa shi aikin. Nace toh shi wannan Rujar ɗin ɗan waye, ya akai Kirista yake ajiye malamin Musulmi a fadarsa? Tambayar da na ɗauka ta minti goma ce, wallahi wata huɗu ta cinye min, har kwali na siyo da alƙalamin maka kala uku don zana salsalar gidan na manna a bangon ɗaki, maiɗakina tana ta min dariya wai ko gado za a raba da ni.

Rujar dai shine Roja na biyu, an naɗa shi sarki a 1130. Gidansu ana rubuta shi Hauteville amma Otbil ake furtawa, sunan wani ƙauye ne a yammacin Normandi, arewacin Faransa. Su Normandawan asalinsu Vikings ne, mayaƙan jiragen ruwa daga arewacin Turai, shugabansu Rolo ya samu ƙasar a hannun sarkin Faransa a 911. Kowa Wiliyam da ya ci Ingila a 1066 ya sani, amma waɗannan na Otbil kudu suka nufa, Italiya, kuma da farko sojan haya kawai suke.

Tushen gidan wani ƙaramin mai gari ne, Tankared, 'ya'ya maza goma sha biyu daga mata biyu, biyar da bakwai. Kuskurena na farko kenan, da na ga mata biyu sai kan Bahaushe ya ce uwargida da amarya, na jera su gefe da gefe kamar kishiyoyi. Ashe ta farkon rasuwa tayi sannan ya auri Firesenda. Ba ƙaramin abu bane, don shi yake nuna maka tazarar shekaru, manyan sun riga sun yi suna a Italiya ƙananan suna gida ko gemu basu fara ba.

Sai na biyu, Wiliyam. Na ga an ce Wiliyam ɗan Tankared ya mutu wajen 1046, can kuma na sake cin karo da Wiliyam ɗan Tankared yana ta harkokinsa har 1080. Kwana biyu ina zargin littafi ɗaya da kuskuren bugu. Ashe mutum biyu ne, uba ɗaya suna ɗaya, kowace mata ta haifi nata Wiliyam ɗin! Babban shi ake wa laƙabi da Mai Hannun Ƙarfe. Daga ranar na daina rubuta suna zalla a kwalin, dole sai da laƙabi da sunan uwa da ƙasar da mutum ya riƙe, kamar dai gidan da kowane ɗaki akwai mai sunan malam, in ba ka ce Abba ko Baffa ba babu wanda zai gane wa kake nufi.

Amma inda na fi shan kunya kan Roja ne. Autan Tankared shine Roja na ɗaya, wanda ya ƙwace Sisili daga hannun sarakunan Musulmi, Falermo ta faɗi a 1072, gari na ƙarshe Noto a 1091. An haife shi wajen 1031, shi kuwa Roja na biyu 1095. Na duba nace haba, tazarar sama da shekara sittin, ai wannan jika ne ba ɗa ba, dole akwai wani a tsakiya. Kuma ga wani Rojan a zaune yana jira, Roja Borsa, shekarunsa sun shiga daidai, sai kawai na cusa shi na ja layi da jar maka, har na ɗauki hoto na tura wa wani abokina ina alfahari. Sati uku layin nan yana bango. Ranar da na zauna bin matan Robat Giskar, wan Roja na ɗaya, ne asiri ya tonu, Borsa ɗan Giskar ne, shi da Roja na biyu 'ya'yan wa da ƙani ne. Roja na ɗaya da kansa ya haifi yaron da matarsa ta uku Adelaida yana da shekara sittin da wani abu, ya mutu a 1101 ya bar shi ƙarami uwar ta riƙe mulkin. Ni na ƙirƙiri kaka da hannuna saboda lissafin ya min daɗi. Borsa ɗin ma jakar kuɗi yake nufi, wai don yawan ƙirga kuɗinsa.

Bin matan nan shi ya buɗe min komai gaskiya. Giskar ya rabu da matarsa ta farko Alberada wajen 1058 da hujjar suna da dangantaka ta kusa, ya auri 'yar gidan sarautar Salerno wadda ta haifi Borsa, shi yasa da ya mutu a 1085 sarautarsa ta Afuliya a kudancin Italiya ta tsallake babban ɗansa Bohemon ta faɗa hannun Borsa. In ba ka san uwar kowa ba baza ka taɓa gane dalilin rigimarsu ba, 'yan ubanci ne tsantsa. Bohemon ɗin ma laƙabi ne, sunansa na yanka Mark, shine ya tafi yaƙin 'yan Salibiyya ya kama Antakiya a 1098. Tankared da aka yi ta ambata a wannan yaƙin kuma jikan Giskar ne ta wajen 'yarsa, ba tsoho Tankared tushen gidan ba, ba kuma Tankared na Lece da ya yi sarautar Sisili ya mutu a 1194 ba.

Abun da ya fi ban haushi shafukan asalin dangi na intanet. Mutum zai jera maka kakanni goma a saman tsoho Tankared har da ranar haihuwa, wasu su ce matansa 'ya'yan sarkin Normandi ne, ka nemi inda suka samo sai ka tarar wannan ya kwafa daga wancan, wancan ya kwafa daga wannan. Na nemo fassarar tarihin da Jofiri Malatera ya rubuta, wani malamin coci da ya yi zamani da Roja na ɗaya kuma don shi ya yi rubutun, na karanta farkonsa sau biyu ban ga wannan maganar ba, kuma mutumin da aikinsa yabon gidan ne da akwai jinin sarauta ai da ya buga ganga a kai. Shi ma ba komai nasa nake haɗiyewa ba tunda ɗan fada ne, amma gara shi da wanda ya zo bayan shekara ɗari tara.

Yanzu kala uku ɗin aikinsu daban, baƙi ga abun da na gani a rubutun mutanen zamanin, shuɗi ga abun da masana na baya suka haɗa, ja kuma na daina taɓa shi tun abun Borsa. Ƙasan kwalin ya tsaya kan Konstans, 'yar Roja na biyu da aka haifa a 1154 bayan uban ya rasu, ita ta haifi Firedirik na biyu a 1194 tana da shekara arba'in, daga nan sarautar ta koma gidan Jamusawa, gidan mijinta. Saman tsoho Tankared kuwa fili ne fari, abokina yazo ya gani yace in cike mana ko da fensir ne, nace masa a'a, ya bari haka.